Gawo, iccen da ke kaɗe ganye da damana

Yawancin itatuwanmu suna zubar da ganye da rani, su yi toho in ruwa ya sauka. Gawo ya saɓa musu. Da farkon damana yake kaɗe ganyensa, ya tsaya tsirara. Sai kaka ta zo, wajen watan Oktoba, sannan ya sake yin kore.

Mu duba siffarsa. Babban gawo yana iya kai metir 30. Ƙananan rassansa farare ne, ƙayarsa kuma bibbiyu take fitowa. Furensa fari ne mai ruwan ɗorawa. Ƴaƴansa a nannaɗe suke, ja-ja, suna nuna cikin rani, lokacin da ciyawa ta ƙare. Awaki da tumaki da raƙuma suna son su ƙwarai. Ƙwayar da dabba ta haɗiye ta kasayar ta fi saurin tsiro, domin ɓawonta mai tauri ya yi laushi a cikin ciki.

Gawo yana son ƙasa mai rairayi mai zurfi, da fadama, da bakin gulbi. Saiwarsa tana nutsewa har ta cimma ruwan ƙasa. Shi ya sa yake shar sa'ad da daji ya bushe. Ana samun sa tun daga Sanagal har Habasha. A ƙasarmu ya fi yawa a Mirya, Magarya da Matamai.

Me ya sa hatsi ya fi kyau a gindinsa? Ganyen da ya zuba yana ruɓewa daidai lokacin shuka, ya zama taki. Dabbobin da suka sha inuwarsa da rani sun bar kashinsu a wurin. Kuma da damana ba ya tare wa hatsi rana. Magabata sun san haka. A ƙarni na 19, Sarkin Damagaram Tanimu ya hana saran gawo, da horo mai tsanani.

Haɗarin gawo yana ƙuruciyarsa ne: hauya, wuta da bakin akuya. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi suka kama sassaben zamani, wato barin tsiron itatuwa cikin gona. In mun tarar da ɗan gawo wajen sassabe, kada mu tone shi. Mu zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi, mu rage sauran da wuƙa mai kaifi. Mu kafa sanda kusa da shi don mai noma ya gan shi, mu kewaye shi da ƙaya har ya fi ƙarfin akuya.