Tukwanen Helenawa: A Bakin Kabari da Ƙofar Haikali

A tsohuwar Atina akwai wata unguwa mai suna Keramikos, inda magina tukwane suke zaune, kuma a nan babbar maƙabartar birnin take. Yumɓu da mutuwa maƙwabta ne a wurin Helenawa.

Wajen shekara ta 750 kafin haihuwar Almasihu, attajiran Atina sukan kafa manyan tukwane bisa kaburbura domin shaida: tulu ga mace, babbar kwatarniyar gauraya ruwan inabi ga namiji. Ɗaya daga cikinsu, tulun Difilon, tsayinsa ya kai mita ɗaya da rabi, yana gidan tarihi na Atina har yau. A jikinsa an zana gawa kwance, masu makoki kewaye da ita, hannuwa bisa kai. Wanda ya mutu bai yi aure ba kuwa, akan ajiye masa irin tulun da ake ɗebo ruwan wankan aure da shi.

Masu ziyarar ibada ma da tukwane suke tafiya. Daga ƙofar Keramikos hanya ta tashi zuwa Elusis, tafiyar kilomita 20, inda ake yi wa gunkiya Dimita sujada. A haikalin Hera na Ferakora, kusa da Korinti, masu tonon tarihi sun sami ɗimbin ƙananan tukwane na baiko. Idan haikali ya cika, ba a zubar da su, akan binne su a rami cikin harabar, gama an riga an keɓe su.

Ga abin lura. A ƙarni na 5 kafin Almasihu, akan kai wa matattu man zaitun cikin farar buta mai dogon wuya. An tarar da waɗansu butocin da ɗan kurtu ɓoye a cikin wuyan. Mai kaɗan ake zubawa, buta ta ga kamar cike take, alhali cikinta wayam.

Manzo Bulus ya yi wa'azi a biranen nan biyu (Ayyukan Manzanni 17 da 18). Da ya kwatanta masu bi da tukwanen ƙasa (2 Korintiyawa 4:7), darajar ya ɗora ta bisa abin da ke ciki.

Tambayoyi domin iyali:
1. Baikonmu da alkawuranmu cike suke, ko bakin buta kaɗai?
2. A jana'iza, me muke kashewa domin idon jama'a, me kuma muke bar wa gwauruwa da marayu?