Babi Na Tara: Labarin Tafiya, Ziyarar Wani Ɗalibi Zuwa Dalar Giza

9.1 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ire-iren insha'i. Wannan babi zai tsaya ne a kan labarin tafiya, wato rubutun da ke bayyana wani bulaguro da abin da matafiyi ya gani, ya ji, ya kuma ƙaru da shi. Dalilin keɓe masa babi guda shi ne, da wuya malamin Hausa ya gama zangon karatu bai ba yara jinga mai taken "Yadda na yi hutuna" ko "Tafiyar da ba zan manta da ita ba". Abin da yawancin yara kan kawo bai wuce jerin tashoshi ba: sun tashi, sun shiga mota, sun isa, sun ci abinci, sun dawo lafiya. Malamin da bai san abin da irin wannan rubutu ya rasa ba, ba zai iya gyara shi ba, sai dai ya bi kurakuran ƙa'idojin rubutu da jan biro ya ba da maki.

9.2 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:
(a) bayyana ma'anar labarin tafiya;
(b) fito da sigoginsa daga cikin misalin da aka kawo;
(c) tsara darasin koyar da shi ga 'yan ƙaramar sakandare.

9.3 Labarin Tafiya a Rubutun Hausa

Labarin tafiya ba baƙo ba ne a rubutun boko na Hausa. Wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu ya bi matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, zuwa Ingila a 1855. A can ya ba J. F. Schön labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa, shi kuma ya buga shi cikin littafin Magana Hausa a 1885. Haka kuma Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Abin da ya haɗa waɗannan rubuce-rubuce shi ne, matafiyin yana kallon baƙuwar ƙasa ne da idon gida, yana auna abin da ya tarar da abin da ya baro. Wannan awo shi ne ruhin labarin tafiya, kamar yadda za a gani a misalin da aka tsara don wannan darasi.

9.4 Misali: Kwana Biyu a Alkahira da Giza

Wani ɗalibi ɗan unguwar Dala a birnin Kano ya sami gurbin karatun Larabci a Jami'ar Azhar da ke Alkahira, babban birnin Masar. Ya shafe wata huɗu bai san ko'ina ba sai aji da masallaci da ɗakin kwana. Wata Alhamis da daddare ya kira kakansa a waya don ya gaishe shi. Tsohon ya yi dako a zamanin ƙuruciyarsa, yana cikin waɗanda suka riƙa hawa dalar gyaɗa da buhu a ka.

"Kai ja'iri, ka je ka ga dalar tasu kuwa?" in ji tsohon.

"A'a Baba, karatu ya sha mini kai."

"To, je ka gano mini. Ina so in ji ko ta kai tamu."

A Masar ranakun hutun mako su ne Juma'a da Asabar, Lahadi kuwa ranar aiki ce. Saboda haka washegari ɗalibin ya nemi wani abokinsa mutumin Damagaram wanda ya shekara uku a birnin. Suka fara da sallar Juma'a a Masallacin Azhar, wanda aka buɗe tun 972. Abokin ya shaida masa cewa tun ƙarnonin baya akwai sashen da aka keɓe wa ɗaliban Barno a wannan masallaci, don haka kada ya ɗauka shi ne farkon zuwa. Daga nan suka ratsa kasuwar Khan Khalili, wadda lungunanta suka tuna masa da kasuwar Kurmi, suka ci koshari, wato haɗin shinkafa da taliya da adas da miyar tumatir da soyayyar albasa.

Ranar Asabar da sassafe suka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa tashar Giza, suka hau ƙaramar bas. Ɗalibin ya tambayi direba hanya da Larabcin littafi, fasinjoji suka yi ta murmushi. A nan ya lura cewa mutanen Alkahira suna furta harafin jimun kamar "g", shi ya sa Jiza ta zama Giza, jamal kuma, wato raƙumi, ya zama gamal.

Tun bas ba ta tsaya ba ya hango ƙololuwar dala tana leƙowa ta bayan benaye. Ya zaci sai an yi nisa cikin hamada, ashe gari ya ci ya cimma ta. Suka nuna katin ɗalibai aka yi musu rangwamen kuɗin shiga. Da ya tsaya a gindin babbar dalar, wadda aka gina wa Sarki Khufu kimanin shekara 4,500 da suka wuce, sai da ya dafe hularsa kafin ya iya kallon samanta. Dutse guda na layin ƙasa ya kai masa ƙirji. Tsawonta na asali ya ɗara mita 146, yanzu ya ragu zuwa kimanin 138 saboda zubewar duwatsun samanta. Kowane gefe nata mita 230 ne, an kuma ƙiyasta duwatsun da aka jera sun kai miliyan 2.3.

Suka shiga ciki ta wata ƙunƙuntar hanya wadda ba a bin ta sai a sunkuye. Iska ta yi nauyi, gumi ya jiƙe masa riga sharkaf. Can suka ɓulla wani dogon zaure mai hawa, daga shi sai ɗakin sarki, wanda aka gina da jan dutsen da aka ɗauko daga Aswan, tafiyar kusan kilomita 800 ta Kogin Nilu. Babu komai a ɗakin sai wani akwatin dutse wayam, ba murfi.

Da suka fito wani mai raƙumi ya tare su. Ɗalibin ya yi ciniki shi kaɗai, ya biya, ya hau. Bayan an zaga da shi sai mutumin ya ce kuɗin hawa aka biya, na sauka daban ne. Yana can bisa tozo yana muzurai har abokin ya zo ya sasanta da karin harshen gari. Suka ƙarasa wurin gunkin nan mai kan mutum da jikin zaki wanda Larabawa ke kira Abul Haul, mai tsawon mita 73, sannan suka kama hanyar gida.

Bayan sallar isha'i ya sake kiran kakansa.

"Baba, na gano. Tasu ta fi taku tsawo nesa ba kusa ba. Sai dai tasu kabarin mutum ɗaya ce, taku kuwa guminku ne da na manoma, ga shi da ita aka yi wa jama'a aiki."

Tsohon ya yi shiru, sannan ya ce, "Haka ne. Amma tasu tana nan, tamu kuwa ko wurin da muka jera ta yaran yanzu ba su sani ba."

9.5 Sharhi

Idan aka nazarci wannan labari za a ga sigogi biyar.

Na farko, dalilin tafiya. Ɗalibin bai fita don yawo kawai ba, aikensa aka yi da tambaya. Tambayar kakan ita ce ta buɗe labarin, amsarta kuma ta rufe shi. Da zarar tafiya ta sami dalili, mai karatu zai bi matafiyi don ya ji yadda za ta kaya.

Na biyu, zaɓe. An taƙaita ranar Juma'a cikin sakin layi guda, aka ba Asabar sakin layi huɗu, domin a nan ne amsar tambayar take. Ba a faɗi abin da ɗalibin ya karya da shi ba, ko yawan tashoshin da jirgi ya tsaya. Mai rubutu yakan yi sauri inda babu abin gani, ya daɗe inda akwai shi.

Na uku, siffantawa ta hanyar gaɓɓai da kwatance. Faɗin cewa dala tana da "girma ƙwarai" bai nuna wa kowa komai ba. Amma dafe hula, da dutsen da ya kai ƙirji, da tafiya a sunkuye, duk awo ne da jikin ɗan Adam, wanda kowane mai karatu ya mallaka. Haka amsa-kama irin su "sharkaf" da "wayam" suna ƙara wa hoto haske. Kwatanta Khan Khalili da Kurmi, da dalar dutse da ta gyaɗa, shi ne kallo da idon gida da aka ambata a baya.

Na huɗu, tantance gaskiya. Labarin tafiya ba ƙagaggen labari ba ne, saboda haka sunaye da alƙaluma da shekaru dole su inganta. Ga kurakurai uku da akan ci karo da su a kan wannan wuri. Wasu kan rubuta cewa Fir'aunan zamanin Annabi Musa (AS) ne ya gina babbar dalar. Khufu ya yi mulki ne wajen 2560 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), alhali Ramsis na Biyu, wanda masana da yawa ke dangantawa da wancan zamani, ya yi nasa daga 1279 zuwa 1213, tazarar fiye da shekara 1,000 ke nan. Wasu kuma kan ce bayi ne zalla suka yi ginin, amma kaburburan ma'aikata da aka gano kusa da dalar a 1990, da ragowar unguwarsu da wuraren gasa burodi, sun nuna ƙungiyoyin ma'aikata ne da ake ciyarwa cikin tsari. Na ukun shi ne dogaro da tsohon bayani: kayan kabarin Sarki Tutankhamun da aka gano a 1922 sun daɗe a gidan tarihi na dandalin Tahrir, amma an tattara su a sabon babban gidan tarihi da ke kusa da dalar, wanda aka yi bikin buɗewa a Nuwamba 2025.

Na biyar, harshe. Zaren labarin yana tafiya ne da shuɗaɗɗen lokaci na biyu: suka fara, suka ratsa, suka shiga. Inda aka tsaya bayanin abin da yake tabbatacce sai a koma ga lokaci mai ci ko jimla marar aikatau, kamar "kowane gefe nata mita 230 ne". Yara kan gauraya "sun" da "suka" ba bisa ƙa'ida ba, don haka wannan wuri ne da malami zai sa ido. Baƙin kalmomi kamar koshari da Abul Haul an fassara su nan take a cikin jimla. Ita kuma kalmar dala ta zo da fuska biyu, unguwar da ke gindin Dutsen Dala da kuma tulin da ke tsukewa a sama, ga kuma dalar Amurka da yara suka fi sani. Muhallin jimla ne ke bambanta su a rubuce.

9.6 Yadda Za a Koyar

Mafi yawan yaran da malami zai tarar ba su taɓa fita jiharsu ba, amma wannan ba cikas ba ne. Tafiya zuwa kasuwar ƙauye, ko marinar Ƙofar Mata, ko Hasumiyar Gobarau a Katsina, ta isa abin rubutu. Ana iya bin waɗannan matakai:

(a) Kafin fita, kowane yaro ya rubuta tambaya ɗaya da yake son tafiyar ta amsa masa.
(b) A wurin ziyara ya rubuta abu uku da ya gani, biyu da ya ji, ɗaya da ya taɓa ko ya shaƙa.
(c) Ya tambayi wani babba suna ko shekara ko adadi guda, ya dawo a tantance a aji.
(d) Ya kwatanta abu guda da wani da ya sani a gida.
(e) Ya rubuta daftari, abokinsa ya karanta ya ja layi a inda bai ga hoton komai ba, sannan a sake rubutawa.

Wajen ba da maki, ya kamata a raba shi tsakanin tsari, da siffantawa, da ingancin bayani, da ƙa'idojin rubutu, kada na ƙarshen ya cinye sauran.

9.7 Kammalawa

An ga cewa labarin tafiya yana buƙatar dalili, da zaɓe, da siffantawa, da gaskiya, da harshen da ya dace. Nisan wuri ba shi ne ma'aunin kyawunsa ba. Yaron da ya lura da kyau a kasuwar garinsu zai fi wanda ya je Masar ya dawo da jerin sunaye kawo rubutu mai armashi.

9.8 Auna Fahimta

1. Mene ne labarin tafiya? Kawo misalai biyu daga rubutun Hausa.
2. Wace rawa kakan ɗalibin ya taka a tsarin labarin?
3. Fito da jimloli biyar masu shuɗaɗɗen lokaci na biyu daga 9.4.
4. Me kakan yake nufi da maganarsa ta ƙarshe? Wane darasi ke ciki game da adana kayan tarihi?
5. Rubuta labarin wata tafiya da ka taɓa yi cikin kalmomi 400, sannan ka tsara darasin minti 40 da za ka koyar da shi ga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare.