Nisantar Cuta Ko Nisantar Mai Cuta?

Karatu: Littafin Firistoci 14:1-3, Markus 1:40-42

A ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da ɓullar cutar korona a Legas. Zuwa watan Mayu, rahotannin yawan mace-mace suna fitowa daga Kano da Potiskum, gwamnatin tarayya kuwa ta hana matafiya ƙetare iyakokin jihohi. Mazauna Dogo Nini, kamar sauran jama'a, an gargaɗe su su daina musabaha, su rage cunkoso a gidan makoki. Wannan ya yi nauyi ƙwarai ga mutanen da suke auna zumunci da zuwa gaisuwa.

Shari'ar Musa ta ware kuturu a bayan zango, amma firist ne yake fita ya same shi can ya duba shi. An ware shi, ba a yashe shi ba. Ubangiji Yesu kuwa ya miƙa hannu ya taɓa kuturu.

Saboda haka mai bi da ya ƙi shiga ɗakin majiyyaci domin kada ya kwaso cuta ya kai wa tsohuwar mahaifiyarsa bai yi zunubi ba. Ƙauna ce ta tsai da shi. Zunubin yana wurin wanda ya fake da doka, ya hana maƙwabci kwanon tuwo a bakin ƙofa, ko kuɗin magani, ko ma kiran waya, alhali babu ɗayansu da ke bukatar shiga ɗakin.

Tambaya domin iyali: In annoba ta sake zuwa, wane maƙwabci ne ba shi da mai leƙa shi?