Neman Diyyar Rai: Shawarwari ga Iyalan Mamaci

Idan tirela ta take magidanci, ko wayar lantarki ta tsinke ta faɗo wa yaro, ko gini ya rufta da lebura, abin da ake fara faɗi a zaman makoki shi ne kwana ya ƙare. Haka ne. Sai dai ƙarewar kwana ba ta sauke wa mai ganganci nauyin da ke wuyansa. Kafin sadakar uku sai ka ga masu motar sun iso da buhun shinkafa da ƙwaryar goro da ɗan abu a ambulan, wani baffa ya gyara babbar riga ya ce "mun bar wa Allah", a shafa fatiha a watse. Matar ba ta fita takaba ba za a koro yara a kan kuɗin makaranta. Ga abin da ya kamata gida ya sani a Nijeriya, tun ido bai bushe ba.

1. Kada kowa ya yi gaggawar cewa an yafe. Diyya ba kwaɗayi ba ce, kuma karɓarta ba ta rage wa kowa tawakkali. Hukuncinta na kisan kuskure yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 92, kuma malaman Malikiyya sun ƙayyade ta da raƙumi 100, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Dinari dubu ya kai kilo huɗu da kwata na zinariya, wanda ya san farashin giram ɗaya a kasuwa sai ya yi lissafi da kansa. Ana raba ta kamar yadda ake raba gado: matar aure da rabonta, uwa da uba da nasu, 'ya'ya da nasu. Baligi mai hankali yana da ikon yafe rabonsa, kuma yana da lada. Amma rabon marayan da bai balaga ba, babu baffa ko kawu ko mai unguwa da ke da ikon yin kyauta da shi. Abin takaicin ma, sau da yawa mai saurin yafewar ba ya cikin magada, ba kuma shi zai ciyar da yaran ba. Idan masu ta'aziyya suka zo da ambulan, babban gida ya ce musu: "Alhaji, mun gode, Allah ya ba da lada. Maganar haƙƙi kuwa sai magada sun zauna." Wannan ba rashin kunya ba ne. Sannan a shiga cikin gida a tambayi mai takaba da bakinta, a gaban iyayenta, ba ta bakin ɗan aike ba.

2. A karɓi takardar likita kafin a yi wanka. Mu mutane ne masu gaggauta jana'iza, wanda ya rasu da hantsi kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Wannan alheri ne, amma yana tafiya da hujja. Mutum ɗaya mai nutsuwa ya tsaya a asibiti har likita ya rubuta musabbabin mutuwar ya buga hatimi, daga baya a karɓi takardar shaidar rasuwa a ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Wani kuma ya koma inda abin ya faru da wayarsa: hoton motar da lambarta, sawun birki a kwalta, wayar da ta tsinke, ramin da aka bari a buɗe. Ya rubuta suna da lambar mai shayin bakin titi da ɗan acaɓan da suka gani da ido, domin bayan mako guda kowa ya kama gabansa. Idan ana jayayya kan abin da ya kashe mutum, musamman a hannun hukuma, iyali su daure su yarda likita ya binciki gawar. Yana da ciwo, amma kabari ba ya ba da shaida.

3. A kai rahoto, a kuma karɓi kwafi. Haɗarin mota yana da sashensa a ofishin 'yan sanda, ga jami'an FRSC masu kiyaye haɗurra, ga na VIO masu duba lafiyar mota. Rahotonsu da zanen wurin haɗarin su ne ƙashin bayan ƙara. A san kuma cewa shari'a biyu ce. Akwai ta laifi, wadda hukuma ke yi da direba, akwai ta neman diyya, wadda iyali ke shigarwa da kansu. Ɗaure direba a gidan yari ba ya sa tukunya a murhu. Dokar gudanar da shari'ar laifi ta 2015 ta ba alƙali damar umartar mai laifi ya biya waɗanda ya cuta, amma kada a zauna jiran wannan.

4. Wa'adi ya fi komai kashe ƙara. Dokar mutuwa ta haɗari, a jihohi da dama, ta ba iyali shekara 3 daga ranar rasuwa. Idan kuwa wanda za a yi ƙara jami'in gwamnati ne ko ma'aikatarta, dokar kare jami'an gwamnati ta tarayya ta rage lokacin zuwa wata 3 kacal, wasu hukumomin ma sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a je kotu. Takaba wata huɗu ce da kwana goma. Gidan da ya ce a bari mai takaba ta fita tukuna, ƙofa ta riga ta rufe a bayansa. A ga lauya kafin sadakar arba'in, ko da ba a yanke shawarar zuwa kotu ba.

5. A nemi mai aljihu, ba direba kaɗai ba. Direban tifa sau da yawa ba shi da komai sai albashin wata. Amma idan a bakin aiki ya yi gangancin, doka tana kama uban gidansa ko kamfanin da ya ɗauke shi. Bayansu kuma akwai inshora. Kowace mota a titi dole ta kasance da inshorar da ke biyan wanda ta yi wa ɓarna, kuma tun watan Janairu na 2023 hukumar NAICOM ta mai da kuɗinta Naira 15,000 ga ƙaramar motar gida, daga 5,000. Mutane sun ɗauke ta takardar nuna wa ɗan sanda a shinge, alhali saboda irin wannan rana aka yi ta, rauni da rai duk tana ɗauka. A ɗauki hoton takardar tun motar tana caji ofis, a tantance ko ta gaske ce, don na bogi sun yi yawa, a kuma rubuta wa kamfanin da wuri.

6. Wanda ya rasu a bakin aiki yana da tasa hanyar. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, kuma ta haɗa har da ɗan kwadago na wucin gadi da mai koyon sana'a. Iyali su sanar da wurin aikin cikin kwana 14, su shigar da buƙata cikin shekara 1. Matar da aka bari da 'ya'ya biyu ko fiye za ta iya samun kashi 90 cikin 100 na albashin mamacin duk wata. Kuɗin likkafani da manaja ya kawo gida ba ya cikin wannan lissafin.

7. Idan jami'an tsaro ne, kada tsoro ya hana magana. Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya kare rai, kuma ƙa'idojin ƙarar tauye haƙƙin ɗan Adam na 2009 ba su sa wa irin wannan ƙara wa'adi ba. Ga kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda ba a biyan kuɗi kafin ta karɓi koke. A watan Satumba na 2013 jami'an tsaro suka buɗe wuta a wani kango a Apo, Abuja, suka kashe mutum 8 suka raunata 11, yawancinsu masu tuƙa adaidaita sahu. Hukumar ta bincika, ta yanke Naira miliyan 10 ga kowane mamaci da miliyan 5 ga kowane mai rauni. Sai a 2018 gwamnati ta biya miliyan 135 ɗin. Cin shari'a a kan gwamnati daban, karɓar kuɗin daban, domin kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai da amincewar Antoni Janar.

8. Sakacin asibiti ya fi wuyar tabbatarwa, tun da sai wani likitan ya ba da shaida a kan ɗan'uwansa. A nemi kwafin fayil a rubuce tun ranar, a adana kati da rasit da kwalin magani. Majalisar likitoci ta ƙasa tana iya dakatar da likita ko ƙwace lasisinsa, amma ba ta biyan diyya, wannan sai kotu. Mutanen Kano sun san tsawon wannan hanya. A annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya ƙunshi yara kusan 200, 11 suka rasu. An yi sulhu da gwamnatin jihar a 2009 kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu, bayan gwajin ƙwayar halitta ya tabbatar da dangantakarsu da yaran.

9. Kotu da lissafi take aiki, ba da hawaye ba. Babbar Kotu tana duba abin da mamaci ke kawowa gida da shekarun da ake sa ran zai ci gaba da kawowa, sannan kuɗin asibiti da na jana'iza. Ma'aikaci ya bar takardar albashi. Ɗan kasuwa kuwa, a tattara littafin cinikinsa da bayanan asusunsa na banki da shaidar shugaban ƙungiyarsu. A jihohin da suka faɗaɗa shari'ar Musulunci, tun daga Zamfara, ana iya neman diyya a kotun shari'a idan ɓangarorin Musulmi ne. Lauya ne zai auna wadda ta fi dacewa da ƙarar.

10. Gida ya tsayar da wakili ɗaya, ya yi yarjejeniya da lauya a rubuce: nawa ne kasonsa, daga me za a cire, wa ke biyan kuɗin kotu. Marar hali ya je ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, tana karɓar ƙarar haɗari kyauta. A guji 'yan kamashon bakin caji ofis.

11. Sulhu alheri ne, kuma yawancin irin wannan magana da shi take ƙarewa. Amma kada a sa hannu ko a dangwala yatsa a takardar da ba a karanta wa magada da Hausa ba, domin layi ɗaya a cikinta yana iya cewa an sallami mai laifi har abada. A rubuta adadin, da ranakun biya idan kashi-kashi ne, da abin da zai biyo baya idan aka saɓa, a kai wa alƙali ya mai da shi hukunci. Ranar da kuɗin suka shigo, malami ko kotu su raba a gaban shaidu. Rabon marayu a sa shi a asusu ko a sayi gona ko gida da sunansu, takardar ta zauna a hannun uwarsu, kwafi a wurin alƙali, kuma duk wanda zai juya kuɗin, ko da baffansu ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya rubuta ya sa hannu.