Kafin ka sayi na'urar wanke faifai

Ɗana, na ji kana shirin sayen na'urar wanke faifan garmaho, irin mai aiki da sautin da kunne ba ya ji. Madalla, amma zauna tukuna.

Fara sanin abin da take yi. Tana girgiza ruwa sau dubbai a daƙiƙa guda, sai ƙananan kumfa su taso su fashe a cikin siraran layukan da allura ke bi, su tumɓuke dattin da buroshi ba ya kaiwa. Yawancinsu, kamar HumminGuru ta Hong Kong, sau 40,000 suke girgizawa a daƙiƙa. Kumfarsu ta fi girma, bugunta ya fi ƙarfi. Degritter ta ƙasar Estoniya kuwa sau 120,000 ce, kumfarta ƙanana, aikinta a hankali, tana tace ruwanta, ta kuma busar da faifan da fanka. Audio Desk ta Jamus ta ƙara da wasu sanduna masu laushi da ke juyawa suna goge fuska biyu. Masu sayarwa za su cika maka kunne da lambobin nan. Ni dai ban ga dalilin da mai faifai talatin zai zuba dubban daloli a kan Degritter ba, alhali HumminGuru ta 'yan ɗaruruwa za ta ishe shi. Mai dubu, wanda ke wanki kullum, shi ne zai ci moriyar babbar.

Akwai kuma masu haɗa tasu: tankin lita 6 irin na masu wanke zinariya, da ɗan inji mai juya faifai a hankali. Da araha, amma kada haɗama ta sa ka jera takwas a sanda ɗaya. Idan suka matsu, girgizar ba ta shiga tsakaninsu. Busarwa kuma kai za ka yi.

Inda na fi so ka natsu shi ne maganar ruwa. Kada ka zuba na rijiya ko na burtsatse. Gishirin da ke cikinsa yana bushewa a layin faifai, ka sa allura ka ji ƙas-ƙas ɗin da ka biya kuɗi don ka rabu da shi. Nemi tataccen ruwa na tururi. In wurin masu batir za ka saya, tabbatar ba mai asid aka miƙo maka ba, don duka biyun "ruwan batir" ake ce musu. Sannan ka riƙa taɓa ruwan. Aikin na'urar da kansa yana ɗumama shi, ga zafin garinmu. Ya wuce ɗumin jiki, kashe ta ta huta, domin faifai roba ne, zafi na lanƙwasa shi. Takardar tsakiya kada ta jiƙe.

Tsofaffin faya-fayan nan masu nauyi, masu juyi 78 a minti, ba roba ba ne, ƙaro ne mai saurin fashewa, kuma sinadarin wanki mai sifirit yana narka shi. Ware su gefe.

Ka kuma rage buri. Datti take cirewa. Inda tsohuwar allura ta cinye, ya ciwu. Kada ka fara da faifan Shata ko na Ɗan Maraya da ka gada wurin mahaifinka. Gwada da wanda ko ya lalace ba za ka yi baƙin ciki ba. In ka wanke, sa shi cikin sabuwar riga, ka jera su a tsaye cikin kabad mai rufi, musamman da hunturu.