Amsar Tambaya: Yaya Masu Algaita na Birnin Zariya Za Su Shirya wa Gasa?

Babbar gasar da ƙungiyar masu busa daga cikin ganuwar Zariya za ta iya nufa ita ce NAFEST, bikin al'adu na ƙasa da aka fara a 1970. Jihohi ne ke fafatawa a cikinta, don haka sai ƙungiya ta samu gurbi a tawagar Jihar Kaduna.

Shiri yana farawa daga numfashi. Mai algaita yana tara iska a kumatu, yana shaƙar wata ta hanci, sautin bai yanke ba, kuma wannan aikin watanni ne. Bayan haka sai daidaita busa da ganga, domin a nan ne ƙungiyoyi suka fi tuntuɓe: kowa gwani ne shi kaɗai, amma taken ya watse in an haɗu. Hawan Sallah da Hawan Daushe wurin gwaji ne mai kyau, gaban jama'ar da ta san take. A tanadi karan baki fiye da ɗaya ga kowane mai busa, a kuma kare fatar ganga daga damshi. Kakaki kuwa na sarauta ne, ba a fita da shi sai da izinin fadar Zazzau.

Kuɗin mota, masauki da abinci a ƙiyasta su tun da wuri. Adashe tsakanin 'yan ƙungiya ya fi kowace hanya tabbas, sai a riƙa ware wani kaso daga liƙin bukukuwa. Gudummawar hakimai da attajirai a nemi ta a rubuce, ma'aji ya shigar da ita littafi, kuma kada a ɗauki hayar mota kan alkawarin da bai zo hannu ba.