Zazzaɓin Shawara: Yadda Ake Gano Shi da Hanyoyin Daƙile Shi

Gabatarwa

A Hausa, kalmar "shawara" tana nufin neman ra'ayin wani, tana kuma nufin ciwon da ke sa idanu su koma rawaya. Wannan muƙala za ta yi bayani ne a kan zazzaɓin shawara, wanda sauro nau'in Aedes ke yaɗawa daga biri zuwa mutum, ko daga mutum zuwa mutum.

Gwaji

Ba duk rawayar ido ce zazzaɓin shawara ba. Zazzaɓin cizon sauro da ciwon hanta ma sukan kawo ta. Don haka ido kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an ɗebi jini an kai ɗakin gwaji.

A kwanakin farko, ƙwayar cutar tana yawo cikin jini, sai a neme ta da gwajin PCR. Bayan haka, sai a nemi garkuwar IgM, wadda jiki ke samarwa. Sai dai wannan gwaji yakan ruɗe, domin wanda aka yi wa riga-kafi kwanan nan, ko mai zazzaɓin dengue, shi ma yakan nuna ta. Shi ya sa akan aika samfuri zuwa babban ɗakin gwaji, irin na Cibiyar Pasteur ta Dakar, don tabbatarwa.

Daƙilewa

Cutar ba ta da maganin da ke kashe ƙwayarta, kuma kusan rabin waɗanda ta yi wa tsanani sukan rasu. Amma Max Theiler ya samar da allurar riga-kafi a 1937, kuma guda ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. A Nijeriya, ana yi wa jariri ita yana wata 9.

Da an tabbatar da cutar ko da a jikin mutum ɗaya ne, sai a bi sawun masu irin alamunsa, a yi wa jama'ar yankin allura, a rufe randuna da tankuna, a kuma kawar da tsofaffin tayoyi, inda sauron ke ƙyanƙyasa.

Kammalawa

Cutar ta yi ɓarna a Oju ta jihar Binuwai a 1986, ta sake ɓulla a Kwara a 2017 da Bauchi a 2019. Mu ɗaliban harshe, nauyin fassara saƙon lafiya na iya hawa kanmu. Idan muka ce "shawara" kawai, mai sauraro zai iya ɗaukar ta ciwon da ake jiƙa wa saiwa a gida. Mu faɗi cikakken sunan: zazzaɓin shawara.